In Babu Tuwon Gobe Fa?

Bahaushe bai taɓa yaudarar kansa a kan maganar alheri ba. Shi ya ce don tuwon gobe ake wanke tukunya, shi ya ce yaba kyauta tukwici, shi kuma ya ce cuɗe ni in cuɗe ka. Ko karin maganar da ake yabon alheri da ita, in aka saurara da kyau, alkawarin riba ce: alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wato ka yi, zai dawo maka.

Iyayenmu mata ba su ma tsaya a fatar baki ba, rubutawa suke yi. A gidaje da yawa a nan Kawo akwai wani ɗan littafi da ake ɓoyewa a ƙasan akwati, ba a fito da shi sai ranar biki ko suna. Wance ta kawo turmin atamfa da naira dubu biyar, wance ta kawo katon ɗin taliya, wance ta zo hannu rabbana. Ranar da hidimar wance ta taso sai a buɗe a duba, a mayar mata da abin da ta kawo, a ɗora wani abu a kai in da hali. Sunansa gudummawa, amma kowa ya san bashi ne da ya ci kwalliya. Ba wadda take jin kunyar haka, kuma bai kamata ta ji ba. Da wannan littafin aka aurar da yawancin yayyenmu, a lokacin da babu bankin da zai ba uwa rancen kayan ɗaki.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta, wannan magana ta fi kama mu, domin aikinmu ya koya mana cewa duk abin da ke tafiya akwai lissafin da ke tafiyar da shi. Musun yakan tashi da daddare a teburin mai shayi, in an ɗauke wuta kowa ya rufe kwamfutarsa ya fito. Akwai ɗaya daga cikinmu da ya daɗe da kafa sharaɗi. "Malamai," in ji shi, "ku nuna min mutum ɗaya tak da ya taimaki wani bai samu komai ba, ni kuma in biya wa kowa Indomie da ƙwai." Shekaru ke nan ba wanda ya ci wannan Indomie. Kuma ba da ka yake magana ba, yana da hujja, har ma hujjar daga fanninmu ta fito.

A wajajen 1980 wani malamin kimiyyar siyasa a Jami'ar Michigan ta Amurka, Robert Axelrod, ya shirya wata gasa da ba mutane ne suka fafata a cikinta ba, manhajoji ne. Wasan mai sauƙi ne. Abokan wasa biyu, a kowane zagaye kowa zai zaɓi ko ya riƙe amana ko ya ci amana, ba tare da sanin abin da ɗayan ya zaɓa ba. In duka sun riƙe amana, kowa maki 3. In duka sun ci amana, kowa maki 1. In ɗaya ya riƙe ɗaya ya ci, maciyin ya kwashi 5, ɗayan ya tashi a tutar babu. Masana suka aiko da manhajoji 14, wasu dogaye masu dabarun yaudara iri-iri, aka haɗa kowace da kowace zagaye 200. Wadda ta cinye ita ce mafi gajartar su duka, ta wani masani a Jami'ar Toronto mai suna Anatol Rapoport. Dokarta biyu ce kawai: fara da amana, daga nan kuma duk abin da abokin wasa ya yi maka a zagayen baya, shi za ka mayar masa. Sunanta Tit for Tat. Da a Kawo aka rubuta ta, cuɗe-ni-in-cuɗe-ka za a raɗa mata. Aka sake gasar da manhajoji 62, kowa ya san wadda ta ci ta farko kuma ya shirya mata, amma ita ta sake ci.

Ranar da muka fara karanta wannan muna ɗalibai, daɗi ya kama mu, irin daɗin wanda ya kwance murfin rediyo ya ga babu ɗan mutum a ciki. Ga kirki ya fito daga 'yan layukan umarni, ba zuciya ba tausayi. Masana ilimin halittu ma sun riga sun share hanya. A 1964 William Hamilton ya nuna da lissafi dalilin da ya sa halitta take wahala don danginta: rabin ƙwayoyin gadonka suna jikin wanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya, kashi ɗaya cikin takwas suna jikin ɗan baffanka. Bahaushe ya ce ɗan'uwa rabin jiki, ashe har adadin ya dace. A 1971 kuma Robert Trivers ya yi bayanin taimakon bare da cewa ramuwa ake jira. Dangi da ramuwa: abokinmu yana ganin da waɗannan biyun an gama da maganar.

Ko mu kanmu ba za mu tsira daga zargin ba. Duniyar intanet tana tsaye ne a kan manhajojin kyauta da mutane suka rubuta ba a biya su ba. A 2014, da aka gano ɓarakar da aka kira Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kare sirrin shafuka masu ɗimbin yawa, sai duniya ta farga cewa 'yan tsirarun mutane ne ke kula da ita, gudummawar da suke samu kuma ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. Abin a jinjina ne. Amma mun san abin da ke ranmu in muka saka aikinmu kyauta a GitHub. Muna so mai ɗaukar aiki a Legas ko Jamus ya leƙa ya gani.

Sai dai akwai wani abu a gasar Axelrod da masu kafa hujja da ita ba su cika ambata ba. A gasar farko kowa ya san zagaye 200 ne, kuma duk mai lissafi ya san cewa a zagayen ƙarshe cin amana ya fi riba, tunda babu gobe da za a rama. Shi ya sa a gasa ta biyu Axelrod ya ɓoye ƙarshen wasan, ba wanda ya san yaushe za a tashi. Wato duk kirkin Tit for Tat a kan gobe ya dogara. Ka cire gobe, lissafin ya ce ka ci amana.

Mu kuwa mun taɓa ganin ranar da aka cire gobe.

Litinin ce, 21 ga Fabrairu, 2000. Mafi yawanmu muna firamare. Abin da muke iya tunawa shi ne an sallame mu tun kafin lokacin tashi, ga hayaƙi ta wajen cikin gari, ga iyaye a guje suna neman 'ya'yansu. Rikicin da ya ɓarke a kan batun shari'a ya ci kwanaki, ya sake dawowa a watan Mayu, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ce aƙalla mutum 2,000 ne suka rasu. A Nuwamban 2002 aka sake wani a kan gasar sarauniyar kyau. Daga nan kogin Kaduna ya tashi daga kogi ya zama iyaka. Kiristoci suka yi ta komawa kudu, su Sabon Tasha, Narayi, Television da Unguwar Romi. Musulmi suka yi ta tattarowa arewa, su Kawo, Unguwar Dosa, Tudun Wada da Rigasa. Har wasu suna kiran ɓangarorin biyu Makka da Jerusalem, suna dariyar da ba ta kai ciki ba.

A layinmu akwai wani dattijo tela. Gidan da ke jikin nasa haya ne, wani malamin makaranta Kirista daga kudancin jihar yake ciki da matarsa da yara huɗu. Ba wata abota ce ta a zo a gani a tsakaninsu ba, gaisuwa ce da aron guga. A yammacin ranar farko dattijon ya shigo da su ta katangar baya, ya kai su ɗakin uwargidansa, har da namijin, a gidan da ko mu yara maza da muka fara tasawa ba ma wuce zaure. Shi kuma ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ya zauna. Sau biyu samari suka zo, waɗanda wasunsu shi ya ɗinka musu kayan Sallah. Suka ce, "Baba, an ce akwai mutane a gidan nan." Ya ce, "Iyalina ne a ciki. Wanda zai shiga kan iyalina sai ya fara takawa ta kaina." A kwana na uku motar sojoji ta zo ta kwashe su zuwa bariki. Ba su sake kwana a Kawo ba. Kayan da suka rage wani ne ya zo ya ɗebe musu bayan wata biyu.

A ɗora wannan a kan ma'aunin abokinmu. Dangi? Ba su haɗa ko yare ba. Ramuwa? Duk wanda ya ga hayaƙin nan ya san zaman ya ƙare, mutanen nan tafiya za su yi. Suna? A wancan makon abin da ya yi ba abin yabo ba ne a unguwa, abin da za a iya ƙona wa mutum gida ne a kansa, kuma an daɗe wasu suna yi masa kallon munafuki. Shagonsa ma ya ji a jikinsa. Zagayen ƙarshe ne sak, irin wanda lissafi ya ce a ci amana. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A hayin kudu akwai Kiristocin da suka ɓoye Musulmi a ɗakunansu a cikin irin wannan hatsarin, kuma kusan duk wanda ya rayu a Kaduna a lokacin ya san gida ɗaya ko biyu da aka yi haka.

Wanda duniya ta sani shi ne na Filato. Ranar 23 ga Yuni, 2018, da mahara suka afka wa ƙauyukan ƙaramar hukumar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar, yana da shekara 83, ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kiristoci, mata a gidansa, maza a masallaci. Ya tsaya a waje ya hana maharan shiga, har ya miƙa nasa ran a madadin nasu. A Yulin 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo. Da muka kawo wannan a teburin shayi, abokinmu ya yi murmushi ya ce, "To ga shi nan, ya samu lamba." Kamar tsoho mai shekara 83 da bindiga a gabansa yana hango Washington ne.

In aka ƙure masu wannan ra'ayi da irin waɗannan labarai, mafaka ɗaya suke gudu: ai ya ji daɗi a ransa, ko kuma da bai yi ba da zuciyarsa ta dame shi, don haka kansa ya yi wa. Tsohuwar magana ce. An ba da labarin Thomas Hobbes, masanin falsafar Ingila da ya rasu a 1679, cewa ya ba wani tsohon mabaraci sisi a titin Landan. (Sisin nan dai da kakanninmu suka sani, daga sunan wannan kuɗin na Ingila kalmar ta samo asali.) Da wani malamin coci ya tambaye shi dalili, sai ya nuna cewa ganin halin tsohon ne ya dame shi, sadakar kuma ta sauƙaƙa wa tsohon ta sauƙaƙa masa shi ma.

A nan ne aikinmu ya ba mu abin cewa. Duk wanda ya rubuta manhaja yakan rubuta mata gwaji, wata 'yar manhaja da ke dubawa ko aikin ya yi daidai. Abu na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne: gwajin da ba zai taɓa faɗuwa ba, ba gwaji ba ne. In ka ba shi daidai ya ce ya yi, ka ba shi kuskure ya ce ya yi, to ba abin da yake aunawa, share shi ake yi. Haka wannan ra'ayin yake. Ka taimaka ka ji daɗi, son kai. Ka taimaka ka sha wuya, ai gudun damuwar zuciya kake yi, son kai. Ka mutu a wajen ceton wani, ai suna kake nema a bayanka, son kai. Ka ƙi taimakawa, son kai. Sharaɗin Indomie ba zai taɓa faɗuwa ba, ba don abokinmu yana da gaskiya ba, sai don ya gina shi yadda babu amsar da za ta ci. Kalmar da ta haɗa telan layinmu da samarin da suka zo ƙofarsa a buhu ɗaya ba ta gaya mana komai a kan kowannensu ba.

Kuma Hobbes bai lura da abin da bakinsa ya faɗa ba. Me ya sa halin tsohon ya dame shi tun farko? Mutane nawa suka wuce a titin ba abin da ya dame su? Wani limamin cocin Ingila, Joseph Butler, ya yi wannan bayanin a 1726: daɗin da kake ji in ka samu abu yana zuwa ne saboda da ma kana son abin. Uwar da ta kwana a asibiti tana jin sanyi a ranta in zazzaɓin ɗanta ya sauka, amma ba sanyin ran ta je nema ba, lafiyar yaron ta je nema. Da za a ba ta ƙwayar da za ta sa ta ji sanyin ran alhali yaron yana nan a kwance, jifa za ta yi da ita.

An ma gwada abin a ɗakin bincike. A 1981 Daniel Batson da abokan aikinsa a Jami'ar Kansas sun sa ɗalibai mata kallon wata budurwa da ake nuna kamar ana jona mata lantarki tana shan azaba, aka ce wadda ta ga dama ta karɓe ta. Wasu an ce musu za su iya tashi su tafi, wasu an ce sai sun kalla har ƙarshe. In damuwar kanka kawai kake son kawarwa, ƙofa a buɗe ta ishe ka. Waɗanda tausayin yarinyar ya kama su da gaske, ko da ƙofar a buɗe, yawancinsu sun yarda su zauna a kujerarta.

Saura magana mafi nauyi a wurinmu, ita ce ta lada. Abokinmu, wanda ba ya wasa da sallah, yakan ce, "To ai dattijon naku Aljanna yake nema. Ciniki ne, sai dai ranar biya ce ta yi nisa." Ba za mu musa cewa yana fatan lada ba, kuma addini bai ɓoye alkawarin sakamako ba. Amma a dubi sharuɗɗan cinikin. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi gargaɗin cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya lissafa mai kyauta don a ce masa mai kyauta a cikin mutum ukun farko da za a hukunta. Wato duk abin da son kai ya saba karɓa a hannun wanda aka taimaka, godiya da suna da biyayya da sunkuyar da kai, an hana ka karɓa. Malamin makarantar nan da iyalinsa sun fita daga Kawo ba a bin su ko sisi. In wannan ciniki ne, to iri ne da wanda aka taimaka ba ya biyan komai a cikinsa, kuma mu ba mu ga amfanin kiransa da suna ɗaya da na mai ba da rance da ruwa ba. Sufaye ma suna ba da labarin Rabi'atul Adawiyya ta Basra, wadda ta so a bauta wa Allah ba don kwaɗayin Aljanna ko tsoron wuta ba. Wannan matsayi ne na manya. Telanmu bai yi da'awarsa ba, kuma yaran nan huɗu ba su buƙaci ya kai can ba kafin su rayu.

Neman alherin da aka tace shi tas, wanda mai yin sa bai ɗanɗani komai ba, shi ma yana da nasa hatsarin. George Price Ba'amurke ne da ya koma Landan, ya fitar da wata ƙa'idar lissafi a 1970 da ta ƙarfafa aikin Hamilton. Daga baya ya shiga rabar da duk abin da ya mallaka ga marasa matsuguni da mashaya, ya buɗe musu gidansa, wasu suka yi masa sata, har shi ma ya rasa wurin kwana na kansa. A Janairun 1975 ya kashe kansa. Hamilton yana cikin 'yan kaɗan ɗin da suka je jana'izarsa.

Abin da ya sa musun teburin shayi ba wasa ba ne, shi ne wanda yake amfana da shi. Duk azumi muna ganin buhunan shinkafa masu hoton ɗan takara, an jera zawarawa a rana ana jiran mai kyamara ya iso kafin a fara rabo. Muna ganin samari a TikTok suna miƙa wa tsohuwa dubu goma, wayar tana kan fuskarta ana jiran hawaye. Shinkafar za ta ciyu, ba mu ce a mayar ba. Amma an biya kuɗinta da mutuncin wanda ya karɓa, kuma in ka yi magana amsar a shirye take: kowa ma don kansa yake yi. Wannan jumla ba ta rage wa telan layinmu komai, ya riga ya koma ga Mahaliccinsa. Mai hoton buhu take wanke wa. Kuma yaron da ya taso yana jin ta, ranar da mota ta kaɗe wani a ƙarƙashin gadar Kawo, waya zai fara zarowa.

Ga kuma garin da muka gāda. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka yana buƙatar mutanen da za su sake haɗuwa gobe, a rijiya ɗaya, a layi ɗaya, a gidan biki ɗaya. Ƙannenmu da aka haifa bayan 2002 da yawansu ba su taɓa yin maƙwabci Kirista ba, kamar yadda takwarorinsu na Sabon Tasha ba su taɓa yin maƙwabci Musulmi ba. Babu littafin gudummawar da ya haɗa sunayen hayin biyu. In ramuwa ce kaɗai ke sa mutum ya taimaki bare, to tsakanin arewa da kudancin kogin nan ba abin da ya rage. Amma in aka sa a WhatsApp cewa wata mai naƙuda tana neman jini a asibiti, mukan ga wanda ya hau Keke ya tsallaka gada ya bayar, ya sha lemon da aka miƙa masa, ya tafi ba tare da ya ga fuskar matar ba.

A tashar Kawo ma kullum ana buga zagayen ƙarshe. Matafiyi zai taho daga wani wuri za shi Kano ko Katsina, kuɗin motarsa ya gaza da ɗari biyar, ya tsaya yana kame-kame a gaban ɗan kamasho. Ba wanda ya san shi, ba wanda zai sake ganin sa. Wani lokaci fasinjan da ya riga ya zauna ne zai miƙo ta taga, wani lokaci direban ne zai ce a bar shi ya shiga. Akwai kuma 'yan damfara da kullum kuɗin motarsu a gaze yake, yau za su Zariya gobe za su Funtuwa, kuma masu sana'a a tashar sun san su ɗaya bayan ɗaya. Wata mai sayar da abinci a wurin takan kore su da tsawa in sun doshi fasinjojinta. In la'asar ta yi kuma, ta kankare ƙanzon tukunya ta zuba miya, su ɗin dai take kira su zo su ɗauka.